Antibodi: Yadda Jini Ke Gane Cuta Ya Kama Ta

 A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai wasu sinadarai da likitoci ke kira antibodi. Jiki ne da kansa yake ƙera su. Aikinsu shi ne su gane ƙwayar cuta, su manne mata, su sa a hallaka ta. Babban ɓangare ne na abin da ake kira garkuwar jiki. Shirin yau zai bi su daki-daki: siffarsu, inda ake ƙera su, yadda suke aiki, da dalilin da ya sa sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara a 2017 duk da allurar da aka yi wa jama'a kafin nan.

Sai a fara da siffarsu.

Antibodi furotin ne, wato irin sinadarin nan mai gina jiki da ake samu a wake, ƙwai, kifi, nama da nono. Ƙarami ne ƙwarai. Madubin da ake duba ƙwayar maleriya da shi a asibiti ba ya iya nuna shi. Siffarsa kamar gwafa take: gindi ɗaya, reshe biyu. Sarƙoƙin furotin huɗu ne suka haɗu suka ba da wannan siffa, biyu dogaye, biyu gajeru. Rodney Porter na Ingila da Gerald Edelman na Amurka ne suka gano tsarin, aka ba su kyautar Nobel a 1972.

Rassan biyu su ne ke kamu. Gindin kuwa shi ke kiran taimako. Bakin kowane reshe yana da tasa ƙira, wadda ta dace da abu guda kacal a jikin ƙwayar cuta. Abin da ake kamawa ɗin sunansa antijen, wato alamar da jiki ke shaida baƙo da ita. Antibodin da aka ƙera don alamar ƙyanda ba zai kama ƙwayar sanƙarau ba. Na shan inna ba zai kama mashaƙo ba. A riƙe wannan da kyau, don shi ne jigon shirin: kowace alama da antibodinta.

Yanzu sai batun inda ake ƙera su.

A cikin ɓargon ƙashi ake haifar ƙwayoyin jini. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wani rukuni da ake kira ƙwayoyin B. A jikin kaza aka fara gano su, a wata 'yar jaka da ke kusa da mafitar kashinta, kuma daga sunan jakar aka ɗauko harafin. Kowace ƙwayar B tana ɗauke da samfurin antibodi iri ɗaya tak a fatarta. Amma ƙwayoyin suna da yawa, kuma kowace da nata samfurin. Jiki yana ƙera miliyoyin samfura tun kafin ya haɗu da kowace cuta. Yana yin haka ne ta hanyar yanka 'yan guntayen ƙwayoyin gado yana sake jera su, kowane jeri ya ba da sabon baki. Wani masani ɗan Japan, Susumu Tonegawa, shi ya bayyana wannan, ya samu kyautar Nobel a 1987.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, ruwan jiki yakan kwashi alamunta ya kai su saifa da kuma 'yan ƙulle-ƙullen da ke wuya, hammata da matsematsi. A can ƙwayoyin B suke jira. Cikin dubbai, wadda samfurinta ya dace ita kaɗai ke kama alamar. Sai wata farar ƙwayar jini, da ake kira ƙwayar T mai taimako, ta tabbatar mata cewa wannan baƙo ne na gaske. Daga nan ta fara rabuwa. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, har su kai dubbai cikin 'yan kwanaki.

Kowa ya san kaluluwa. Manomi ya taka ƙaya a gona, ƙafa ta yi ruwa, bayan kwana biyu ya ji wani ƙulli mai zafi a matsematsinsa. Wannan kumburin, ƙwayoyin garkuwa ne suke hayayyafa a wurin. Ba a tsaga shi, ba a sa masa wuta. Ciwon ƙafar ake yi wa magani. Kaluluwar da ta daɗe makonni ba ta sauka ba kuwa, asibiti ake kai ta.

Ƙwayoyin da suka hayayyafa sukan kasu gida biyu. Kashi na farko su zama ƙwayoyin filasma, wato masu zuba antibodi cikin jini. Ƙwaya ɗaya tana iya fitar da dubbai a daƙiƙa guda. Kashi na biyu ba sa zuba komai. Suna kwanciya ne da samfurin a jikinsu, shekara da shekaru. Su ake kira ƙwayoyin tuni, don su ne ke tuna wa jiki baƙon da ya taɓa zuwa.

A nan ne lokaci yake da muhimmanci. A karon farko, jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin antibodi su yi yawan da za su yi tasiri. A karo na biyu, 'yan kwanaki sun isa, kuma antibodin sun fi yawa, sun fi kama alama da ƙarfi. Sau da yawa mutum ba ya ma sanin cutar ta sake shigarsa. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro da ke arewacin Turai. Wani likita ɗan Denmak, Peter Panum, ya lura cewa tsofaffin da suka yi ƙyanda a annobar 1781 ba su sake kamuwa ba. Shekara 65 ke nan tsakani.

Allurar rigakafi wannan hanya take bi. Ana nuna wa jiki alamar cuta ba tare da ƙarfin cutar ba. Jiki ya yi nasa mako biyun cikin kwanciyar hankali, ya ajiye ƙwayoyin tuni. Shi ya sa ake maimaita allurar jarirai a mako 6, mako 10 da mako 14. Kowace maimaitawa tana ƙara yawan antibodi, tana kuma ƙara musu kaifi. Yaron da aka yi wa ta farko aka bar sauran, an fara masa aiki ne ba a ƙarasa ba.

To, idan antibodi ya kama ƙwayar cuta, me ke biyo baya?

Wani lokaci kamun kaɗai ya isa. Bairas, irin na ƙyanda ko shan inna, sai ya shiga cikin ƙwayar jikin mutum yake iya hayayyafa. Idan antibodi ya toshe wurin da yake mannewa da shi, ya rasa ƙofa. Haka ma guba, irin wadda ƙwayar mashaƙo ke fitarwa. Wani lokaci kuma gindin ne ke aiki. Akwai fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye ƙwayar cuta, kuma sun fi saurin haɗiye wadda antibodi ya lulluɓe. Akwai kuma wasu furotin da ke yawo a ruwan jini. Da sun tarar da antibodi a jikin bakteriya, sai su taru su huda fatarta, ta fashe. Tun da reshe biyu ne, antibodi yana iya kama ƙwaya biyu a lokaci guda, ya dunƙule su wuri ɗaya.

Masu sauraro, ga misalin da ya faru a gida: sanƙarau.

Ƙwayar sanƙarau bakteriya ce da ke zama a maƙogwaro da bayan hanci. Mutane da yawa suna ɗauke da ita lafiya lau. A lokacin hunturu da bazara, ƙura da bushewar iska sukan raunana fatar cikin hanci, ƙwayar ta samu hanyar shiga jini, ta kai ga rufin ƙwaƙwalwa da lakar baya. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sandare. Tana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. Jiki yana neman mako biyu, cuta kuwa kwana ɗaya ta ba shi. Wanda antibodinsa suke a shirye kafin ta shigo, shi ke da rinjaye.

Wannan bakteriya tana sanye da wata riga mai santsi da aka yi da sinadarin sukari. Rigar tana hana ƙwayoyin jini kama ta, sai idan antibodi ya manne mata. Kuma rigar iri-iri ce. Masana sun raba su da haruffa: A, B, C, W, X da Y. Shekaru masu yawa nau'in A ne ke haddasa manyan annoba a yankin da ya tashi daga Senegal zuwa Habasha. Shi ya yi ɓarnar 1996, lokacin da fiye da mutum 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu.

Tsohuwar allurar da ake da ita an yi ta ne da sukarin rigar zalla. Ƙwayoyin T masu taimako ba sa amsa wa sukari. Don haka kariyar ba ta daɗewa, ba ta barin tuni mai ƙarfi, kuma ba ta aiki sosai ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu. Sai masana suka ɗaure sukarin da wani furotin, don ƙwayoyin T su shigo cikin aikin. Haka aka samu MenAfriVac, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya sarrafa. An fara ta a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010. A Nijeriya an fara a ƙarshen 2011, kuma Zamfara tana cikin jihohin farko. An yi wa mutane daga shekara 1 zuwa 29. Bayan haka nau'in A ya kusan ɓacewa daga yankin baki ɗaya.

Sai ga wani sabon nau'in C ya ɓulla a Sakkwato a 2013. A ƙarshen 2016 ya tashi a Zamfara, ya bazu zuwa maƙwabta. Zuwa tsakiyar 2017 an ƙirga fiye da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasar, fiye da 1,100 sun rasu, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha yawan masu ciwon. Mutane da dama sun yi tambaya mai ma'ana: ba an yi allurar sanƙarau ba? An yi, kuma ta yi aikin da aka yi ta dominsa. Antibodin da ta sa jiki ya ƙera na rigar A ne. Rigar C wata ƙira ce daban, bakinsu bai dace da ita ba. Kowace alama da antibodinta. Sai da aka kawo wata allura mai ɗauke da nau'in C a watan Afrilun 2017, bayan annoba ta riga ta yi nisa.

A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai haɗa nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Duk da haka, ita ma tana bukatar kwana goma zuwa mako biyu kafin ta kama jiki. Allurar da aka karɓa kafin hunturu ta fi wadda aka yi layi a kanta bayan an fara kwasar marasa lafiya.

Maleriya kuma nata salon daban ne. Madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Kogin Sakkwato, tana shayar da gonakin Talata Mafara, Bakura da Maradun. Inda ruwa ke kwance rani da damina, sauro ba ya yankewa. Ƙwayar maleriya tana yawan sauya alamun da take nunawa, don haka jiki ba ya gama saninta a karo ɗaya. Babba ya tara antibodi iri-iri bayan kamuwa da yawa, shi ya sa zazzaɓinsa kan zo da sauƙi. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyar bai tara ba tukuna. Shi ake fara sa wa cikin gidan sauro.

Daga nan sai nau'o'in antibodi. Biyar ne, kuma su ma da haruffa ake kiran su. Kada a rikita su da haruffan sanƙarau.

IgM shi ke fara fitowa a sabuwar cuta. Guda biyar ne a haɗe, da baki goma. IgG ya fi kowanne yawa, kusan kashi uku cikin huɗu na antibodin da ke jini, kuma shi ke daɗewa. IgA yana cikin yawu, hawaye, majina, hanji da nonon uwa. Ɗigon shan inna da ake yi a baki shi yake tayarwa a hanji. IgE yana yaƙar tsutsotsi, irin na tsargiya da ake kamuwa da ita a ruwan ban-ruwa. IgD yana zaune a fatar ƙwayoyin B, kuma ɗan kaɗan ne a jini.

Biyu daga cikinsu sun shafi uwa da jariri, sai a tsaya a kansu.

IgG ne kaɗai ke ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, musamman a watanni ukun ƙarshe na ciki. Jariri yana zuwa duniya da antibodin uwarsa. Abin da uwa ba ta da shi, ba za ta iya ba shi ba. Wannan ne dalilin allurar tsinkau-tsinkau da ake yi wa mata a wurin awon ciki. Uwa ake yi wa, amma jariri ake karewa daga cutar da ke shiga ta cibiya, idan an yanke ta da reza mara tsabta ko an shafa mata abin da bai dace ba.

Sai dakashi, wato nonon farko mai kauri, mai ruwan ɗorawa. A wasu gidaje ana matse shi a zubar, a ce ba shi da kyau, a ba jariri ruwa ko nonon dabba har farin nono ya zo. Wannan asara ce. Dakashi cike yake da IgA. Yana shafe maƙogwaro da hanjin jariri, ya hana ƙwayoyin gudawa mannewa. Kuma antibodin da ke cikinsa na cututtukan da uwar ta haɗu da su ne a gidan da jaririn zai zauna. Ba a sayar da irinsa a kanti. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko bayan haihuwa.

Antibodin da uwa ta bayar aro ne. Ba su zo da ƙwayoyin tuni ba, kuma suna raguwa wata bayan wata. Muddin suna da yawa, sukan kama allurar ƙyanda kafin jikin yaro ya koyi komai daga gare ta. Shi ya sa ake jira sai wata 9, sannan a ƙara ta biyu a wata 15.

Akwai wani aron kuma, wanda ake karɓa daga dabba. A 1890, a birnin Balin na Jamus, Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato sun nuna cewa ruwan jinin dabbar da ta samu kariya yana iya kare wata dabbar. Daga nan aka samu maganin gubar mashaƙo, wanda aka sake nema ruwa a jallo a annobar da ta tashi a Kano a ƙarshen 2022. Makarin dafin maciji ma haka ake yin sa. Ana sa wa doki ko tunkiya dafi kaɗan-kaɗan na tsawon watanni. Jikin dabbar ya ƙera antibodi. A ɗebi jininta, a tace, a zuba a kwalba.

Kububuwa, wadda ake yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, dafinta yana hana jini daskarewa. A asibiti akan ɗibi jinin wanda aka sara a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20, sannan a karkata ta. Idan jinin ya zubo kamar ruwa, dafi ya shiga, sai makari. A nan ma dokar ba ta sauya ba: kowace alama da antibodinta. Makarin da aka yi da dafin macizan Indiya ba ya tasiri sosai a kan kububuwar nan. Saboda haka ne aka samar da EchiTAb da dafin macizan Nijeriya, wanda asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da amfani da shi. Makari yana aiki nan take, amma ba ya barin tuni. Wanda aka sake sara baɗi, sai an sake ba shi.

Yanzu a leƙa ɗakin gwaje-gwaje, don a can ma antibodi suna aiki kullum.

Kafin ƙarin jini, ma'aikaci yakan ɗiga jinin mutum a farin faranti. Ya sa wa ɗigo ɗaya shuɗin ruwa, ya sa wa wani mai ruwan ɗorawa. Shuɗin antibodi ne na rukunin A, ɗayan na rukunin B. Inda jinin ya yi gudaji-gudaji, an san rukuninsa. Karl Landsteiner ne ya gano waɗannan rukunai a 1901. Ɗan katin gwajin maleriya ma antibodi aka shafa a cikinsa. Su ke kama alamar ƙwayar, layi na biyu ya fito.

Wasu gwaje-gwajen kuwa antibodin mutum suke nema, ba ƙwayar cutar ba, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Gwajin Widal, da ake yi don taifod, yana iya nuna antibodin cutar da ta wuce tuntuni. Takardar Widal kaɗai ba ta isa a ce mutum yana da taifod ba, balle a ɗora shi kan magani. Gwajin ƙanjamau na gaggawa kuma yana iya nuna babu komai a makonnin farko, don jiki bai gama ƙera antibodi ba. Shi ya sa ake cewa a dawo bayan wata uku.

Sashe na ƙarshe shi ne inda antibodi ke yin kuskure. IgE yakan ɗauki ƙura, garin fure ko gyaɗa a matsayin abokin gaba, sai atishawa, ƙaiƙayi, borin jini ko tashin asma. Wani lokaci kuma jiki ya ƙera antibodi a kan naman kansa, kamar yadda ke faruwa a wasu cututtukan gaɓoɓi da na ƙoda.

Akwai kuma matsalar da ta shafi masu ciki. Ban da A da B, jan jini yana da wata alama da ake kira Rh. Yawancin mutane suna da ita, 'yan kaɗan ba su da ita. Idan uwa ba ta da alamar, jaririn kuma ya gado ta daga uba, jinin jaririn yakan ɗan shiga nata lokacin haihuwa ko ɓari. Jikinta ya ɗauke shi baƙo, ya ƙera antibodi, ya ajiye tuni. Ɗan fari yakan tsira. A ciki na gaba, IgG ɗin ya ratsa mabiyiya ya riƙa fasa jan jinin ɗan tayi. Jariri ya zo da shawara mai tsanani, ko ya zo ba rai. Wannan yana cikin dalilan da ke sa wasu mata su yi ta rasa 'ya'ya a jere, har a ce wabi ne. Akwai allurar da ke hana haka, sunanta anti-D. Ita ma antibodi ce. Tana share jinin jaririn daga jikin uwa kafin jikinta ya shaida shi. Ana yin ta cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari. Duk matar da ba ta san rukunin jininta ba, a Talata Mafara take, ko Bakura, ko Maradun, ta nemi a gwada mata ranar da ta fara zuwa awo, kuma maigida ya tabbatar an rubuta shi a katinta.